Mustang a Maraɗi, Fijo a Hanyar Gabi

Tsakanin Katsina da Maraɗi babu wani nisa, bai cika kilomita 100 ba. Tsaye-tsayen hanya ne ke mayar da shi tafiya: a tsaya a Jibiya, a tsaya a Magama, a sake tsayawa a Ɗan Isa, inda takarda ke komawa Faransanci amma gaisuwa da ciniki da roƙon alfarma duk suna nan da Hausarsu. Ɗaurin auren ƙanen wani abokina ne ya fito da ni, kuma a Gabi za a yi, wani gari a yankin Madarumfa, kudu da Maraɗi, kusa da iyakar da na baro. Ke nan sai na haura arewa na kwana a birni, washegari na sake gangarowa kudu. Akwai hanyoyin daji da suka fi haka kusa, amma a wannan zamani babu mai ƙaunarka da zai ce ka bi su.

Da la'asar sakaliya abokin nawa ya ce in raka shi wurin wani dillalin motoci, yana neman wadda za a ara a ɗauki amarya. Filin cike yake da Toyota: Corolla, Camry, Highlander, ƙurar hunturu ta mayar da su launi ɗaya. Can a kusurwa, an rufe rabinta da tamfol, ga wata ja mai ƙofa biyu, hancinta dogo, bayanta gajere, cikinta dab da ƙasa. Hoton doki a guje ne a goshinta. Yaron dillalin ya ga inda idona ya tsaya, sai ya taso da mabuɗi.

"Alhaji, Mustang ce, daga Amurka. Tsaya ka ji muryarta."

A wurin dillalan mota kowa Alhaji ne har sai an ji tayinsa. Ya tayar da ita, ya ɗan taka totur. Gurnani ne mai kauri, wanda ƙirji ke riga kunne ji. Awakin da ke kiwo a bakin shinge suka watse. Na tambaye shi ko an taya. Ya yi dariya, ya ce masu ɗaukar hoto da ita sun fi masu tayi yawa, kuma duk wanda ya zo da niyyar saye, da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta sai ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya koma wurin Highlander.

Yadda ta iso nan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Maraɗi. Shekara da shekaru motocin hannu daga Turai da Amurka suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a koro su ta Malanbil da Gaya, a biyo ta Doso da Ƙonni, a jibge su a nan da sunan kayan wucewa. Kowa ya san inda za su wuce: Katsina, Kano, Kaduna. Najeriya ta haramta shigo da mota ta iyakar ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin baki ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan rikicin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya toshe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Kowane ɗaya ya rage wa wannan kasuwa armashi. In kasuwa ta yi sanyi, motar ado ce ke fara kwantai.

Wadda na gani ta kwanan nan ce, amma zuriyarta tana da tarihi, kuma tarihin ya fara ne da wayon kauce wa doka. A farkon shekarun 1960 kamfanin General Motors ya hana rassansa shiga tseren mota, ya kuma sa ƙa'ida cewa matsakaiciyar mota ba za ta ɗauki injin da ya wuce lita 5.4 ba. Wani injiniya a reshen Pontiac, John DeLorean, shi da abokan aikinsa suka duba ƙa'idar, suka ga ta yi magana ne a kan injin da mota ke fitowa da shi, ba ta ce uffan ba a kan wanda mai saye ya zaɓa ya ƙara kuɗi. Sai suka ɗauko injin babbar mota mai silinda takwas, lita 6.4, mai ƙarfin doki 325, suka cusa shi a jikin wata matsakaiciya mai suna Tempest, suka ce ai zaɓin mai saye ne. Suka raɗa mata GTO. An yi zaton a sayar da 5,000 a samfurin 1964, sai aka sayar da fiye da 32,000. Daga nan manyan kamfanin suka sassauta ƙa'idar. Irin waɗannan su ne Amurkawa ke kira motoci masu ƙwanji: jiki matsakaici, inji na ƙato, farashin da ɗan ma'aikaci zai iya kaiwa.

Ita Mustang ta kamfanin Ford ta fito ne ranar 17 ga Afrilun 1964, a wurin baje kolin duniya na New York, a kan dalar Amurka 2,368. Lee Iacocca ne ya tsaya mata har ta fito. In aka tuɓe mata riga, abin da ke ciki Falcon ce, wata motar iyali mai arha wadda ba ta ɗaga wa kowa hankali. Sabon jiki aka ɗora mata, aka ja hancin, aka datse bayan, aka bar wa mai saye ya zaɓi inji daga ƙarami zuwa mai silinda takwas. A shekarar farko an sayar da fiye da 400,000, kafin ta cika shekara biyu ta kai miliyan ɗaya. Masu tsanani cikin masanan mota ba sa sa ta a sahun masu ƙwanji na asali, GTO suke ba wannan girma. Amma a idon duniya Mustang ce ta ɗauke sunan, musamman bayan fim ɗin Bullitt na 1968, inda Steve McQueen ya yi ta kora da wata baƙar Dodge Charger a gangaren titunan San Francisco.

Me ya sa a Amurka, kuma me ya sa a lokacin? 'Ya'yan da aka haifa da yawa bayan yaƙin duniya na biyu sun isa tuƙi, ga aikin yi, ga kuɗi a aljihu. Dokar 1956 ta Shugaba Eisenhower ta sa an shimfiɗa manyan hanyoyi miƙaƙƙu daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Uwa uba, fetur ya fi ruwan kwalba arha: galan ɗaya na Amurka, wajen lita 3.8, bai wuce santi talatin da 'yan kai ba. Don haka motar da lita ɗaya da ƙyar take kai ta kilomita biyar ba ta dami kowa ba. Samari kan jeru a fitilar hanya a titin Woodward na Detroit, da ta ba da hannu sai a saki kuloci, a ga wanda zai riga cinye mita 400. Abin da aka ƙera motocin su yi ke nan. A miƙe ba a kama su, a kwana kuwa sai addu'a, birkinsu ma bai kai ƙarfin injinsu ba. Zuwa 1970 abin ya zama gasar hauka: Charger mai injin Hemi na lita 7 tana ba da ƙarfin doki 425, Chevelle ta Chevrolet mai lita 7.4 tana ba da 450.

Ba su daɗe a kan ganiyarsu ba. Kamfanonin inshora suka ga yawan samarin da ke mutuwa a cikinsu suka tsauwala kuɗi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta a rage hayaƙi, aka fara komawa fetur marar dalma, ƙarfin inji ya yi ƙasa. Sai ga yaƙin Oktoban 1973. Ƙasashen Larabawa masu mai suka sa wa Amurka takunkumi saboda goyon bayanta ga Isra'ila, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Amurkawa suka ga layin mai da idonsu. A Janairun 1974 aka ƙayyade gudu a faɗin ƙasar kada ya wuce mil 55 a awa. A shekarar GTO ta yi sallama, Mustang kuma ta fito a ƙanƙance, babu ma injin silinda takwas a cikin zaɓinta. Shekara goma cif, an rufe babin. Waɗanda aka farfaɗo da su daga baya, irin wadda ke kwance a Maraɗi, jikokin marmari ne.

Da safe aka yi rabon motoci. Dattawa da angwaye suka cika wata Hayis da aka yi shata, ni kuma da na tsaya shan shayi sai na tarar babu wuri. Aka ce in shiga gaban motar kaya. Fijo 504 ce a-kori-kura, launinta ya gaji har ba a iya cewa fara ce ko ruwan ƙasa, an lafta mata tabarmi, buhunan shinkafa, katan-katan na lemo, kujerun roba, da wani rago ɗaure a kan kayan yana kallon duniya. Ƙofar ɓangarena da igiya ake riƙe ta. Direban tsoho ne mai farin gemu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, daga ina?"

Na ce daga Katsina, Baba.

"To, sannu da zuwa Katsina ta gaskiya. Shigo."

Tsokanar tana da tushe. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe da mutanensu nan suka yo, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, kuma har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ake ce mata. Ban ja da shi ba. Wanda ke riƙe da sitiyari ba a yi masa gardamar tarihi.

Muka fita ta kudu, kwarin Gulbin Maraɗi na hannun dama. Wajen Jiratawa ga fadamun rani kore shar, zogale jere-jere. Daga can muka karkata zuwa Madarumfa, inda tafkin yake kwance da kewayen kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta. Ba mu tsaya ba, sai dai Baba ya ɗaga hannu ya yi musu sallama ta taga. Bayan nan hanya ta fara nuna halinta, kuma duk reshen da ya ratse zuwa wani ƙauye rairayi ne da sawun amalanke. A nan na fara gane abin da masu leƙa ƙarƙashin jar motar jiya suke dubawa. Fijo tana shiga rami ta fito tana lilo, gindinta a ɗage, ba ta ko gogar ƙasa. Injinta bai cika lita 2 ba, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Rubu'in na Chevelle ke nan, ko ƙasa da haka. Amma dawakan Chevelle 450 da a ramin farko za su tsaya.

Baba ya ce shi da karen mota ya fara, a kan kat-san-kat, wato 404, yana wanke ta, yana ɗaure kaya, yana sa mata waigi in ta tsaya a hawa. Ya ce sai da ya shekara da shekaru yana cin zagi kafin maigidansa ya yarda ya taɓa giya. Rayuwar da Ɗanmaraya Jos ya yi wa waƙar Karen Mota ke nan, kuma duk tsohon direban da ka zauna da shi ta nan ya bi. Da 504 ta zo, in ji shi, sai direba ya zama mutum. Mai wagon yana ɗaukar fasinja daga Maraɗi ya kai Kano ya dawo a yini, ya kawo wa matarsa atamfa, ya kawo wa maƙwabta labari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, tashin farashin man da ya kashe motoci masu ƙwanji a Amurka, shi ne ya cika hanyoyinmu da Fijo. Najeriya ta shiga OPEC a 1971, ba ta cikin masu takunkumi, don haka ta yi ta sayar da mai a sabon farashi. Kuɗi suka malalo. Aka yi ƙarin albashin Udoji, aka biya har da na watannin baya a farkon 1975, malamin makaranta da akawu suka wayi gari da abin da ba su taɓa riƙewa ba. Wasu suka sayi rediyo, wasu babur, masu ɗan matsayi suka nemi rancen mota. An ƙulla kafa kamfanin Peugeot na Najeriya tun 1972, amma a Maris na 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a Kakuri, Kaduna, daidai lokacin da masu saye suka yi layi. Tashar Legas a shekarar ta cushe da jiragen siminti, jirgi kan yi watanni yana jiran sauke kaya. Sai aka koma ɗauko sassan motar ta sama, jiragen kaya suna tasowa daga Lyon a Faransa suna sauka a Kano, a kwashe a kai Kaduna a harhaɗa. Mota sukutum ana kawo ta gunduwa-gunduwa a jirgin sama: wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kuɗin da ke yawo a lokacin.

Ita kanta 504 ba don mu aka zana ta ba. A 1968 ta fito a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara jikinta, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Motar likita ce da babban ma'aikaci a can. Amma an yi ta da tsayin ƙafa, da sifirin mai dogon numfashi, da inji marar rikici wanda bakanike zai kwance a gindin bishiya ya mayar kafin magariba. A 1975 ta ci tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, tseren da ake yi a taɓo da duwatsu. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, ta mayar da manyan jami'ai cikin 504, har shi kansa shugaban. Daga nan ta zama motar kowa. Kwamishina na ciki, ɗan sanda na ciki, amarya na ciki, gawa na ciki. Ɗan fito ma ita ya zaɓa: a ƙara mata sifirin a baya, a cire kujeru, a bi daji da dare ba fitila.

A wannan gefen iyaka, shekarun sun zo da wata fuska. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, wadda ita ce ta gina Maraɗi ta yi alhazanta, kuma yunwar na cikin abin da ya kawo Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974. Alhazan da suka yi arziki da awon gyaɗa ba su zauna jiran damina ba. Suka juya ga maƙwabciyar da kuɗi ya yi wa yawa, suna shigo da sigari da yadi da sauran kayan da Najeriya ta hana ko ta tsauwala wa haraji, suna tsallakar da su. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi guda a kansu a 1986. Kasuwancin motocin hannu da na gani jiya ɗan wannan gida ne. Hanya ɗaya ce, kaya ne suka canja.

Muna cikin wannan hira motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Baba bai ko yi tsaki ba. Ya fita, ya ɗaga bonet, ya zare tiyon mai ya busa, ya kwance wani abu a kafireta ya goge da bakin rigarsa, ya tofar da yawu mai warin fetur.

"Man kwalba ne, Malam. Wani sa'in har da ƙasar garinsu suke haɗo maka."

Ya mayar, ya ce in ɗan tura. Ni da wasu yara biyu masu kiwo muka sa kafaɗa, ta tashi. Duka-duka bai kai minti goma ba, kuma kayan aikin sifana ɗaya ce da sukundireba. Motar zamani da za ta yi irin wannan tari a nan, sai an nemo mai kwamfuta daga birni.

Man kwalban nan shi ma tarihi ne. Shekaru da dama motocin wannan yanki da fetur ɗin Najeriya mai tallafi suke tafiya, wanda 'yan ruwa-ruwa ke tsallakowa da shi a jarka a jera shi a kwalabe bakin hanya. Ko bayan da Nijar ta buɗe matatarta ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, na kwalba ya ci gaba da fin na gidan mai arha. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, farashi ya ninka kusan sau uku cikin kwanaki, ribar fito ta ƙafe, kuma a farkon 2025 sai da biranen Nijar suka ga dogayen layukan mai. Namu Oktoban 1973 ke nan, ya zo mana a makare da shekara hamsin. Baba ya ce yanzu kafin ya karɓi lodi sai ya lissafa lita, abin da a da bai taɓa yi ba.

Faɗuwar Fijo kuwa ta riga wannan. Farashin mai ya karye a farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya zo a 1986, naira ta zube. Sassan da ake shigowa da su daga Faransa suka yi tsadar da sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. 'Yan Kwatano na Japan suka cike gurbin: sun fi shan mai kaɗan, sun fi arha, ga sanyi a ciki. Faransa ta daina yin salun ɗin 504 tun 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har 2006, shekarar da gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin. A ganina babban abin takaicin ba mutuwar samfurin ba ne, kowace mota tana da ranarta. Shekara talatin muna ɗaura wannan mota, makanikanmu sun san ta ciki da bai har suna yi mata dabarun da masu ita ba su sani ba, amma ba mu kai ga zuba injinta da kanmu ba. Da naira ta faɗi sai ya bayyana cewa aron hannu muke yi.

Muka shiga Gabi da hantsi. Gari ne na manoma a bakin gulbin da ke ɗauke da sunansa, wanda ruwansa ke gangarawa tafkin Madarumfa. An gama girbi, rumbuna sun cika, karan gero a tsaye a gonaki. Yamma da nan dajin Baban Rafi yake, inda itacen girkin Maraɗi ke fitowa, kuma motoci irin ta Baba su ne ke jigilarsa. A ƙofar gidan ɗaurin auren na duba abin hawan da mutane suka zo da shi. Motoci ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, har da namu. Babura kuwa sun yi sahu har bayan masallaci, mafi yawa Boxer ta Indiya da 'yan China, kowane da jarka ko buhu ɗaure a baya. Can gefe amalanken shanu da na jakuna.

Babur ne sarkin hanya a nan yanzu. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai buhun wake kasuwa, ɗan kabu-kabu da shi yake ciyar da gida. Kuma shi ne abin hawan waɗanda suka hana yankin barci. Daga dazukan da suka haɗa Maraɗi da Katsina da Zamfara suke fitowa, su kore shanu, su ɗauki mutum sai an biya fansa. Ba a yi wannan zance da ƙarfi a wurin taron ba. An dai ɗaura aure da wuri, an raba goro da dabino, an ci shinkafa a gurguje, kuma duk baƙon da ya zo daga nesa ya san ba a son la'asar ta same shi a hanya. Wani dattijo da muka zauna tabarma ɗaya ya ce mini a da ƙarar inji da dare albishir ce, baƙo ya zo ko ɗa ya dawo daga ci-rani. Yanzu in aka ji ta sai a kashe fitila.

Kafin mu tashi na zagaya bayan kasuwa, inda maƙera da masu walda suke. A nan na ga inda tsofaffin Fijo suke ƙarewa. Wata amalanke da ake gyarawa, gatarin ƙafafunta da wilinta na mota ne. Ganyen sifirin yana komawa adda da wuƙa da bakin garma. Abin da yake na sanholo a inji a narka shi a zuba tukunya. Sauran gangar jikin 'yan gwangwan su auna a kilo su loda a babbar mota. Ban ga laifin kowa a nan ba. Wanda ke neman na cefane ba za a ce ya ajiye tan guda na ƙarfe don tarihi ba, kuma motar da ta ƙare a matsayin garma ba ta mutu a banza ba.

Sai dai akwai masu halin da wannan uzuri bai shafe su ba. Amurkawa sun riƙe motocin shekarun nan goma kamar kayan gado: suna da ƙungiyoyi, suna da gidajen adana su, suna sake ƙera sassansu. Ainihin Mustang ɗin da aka yi fim ɗin Bullitt da ita, da tsatsarta da komai, an yi gwanjonta a Florida a Janairun 2020 a kan dala miliyan 3.74. Tasu motar wasa ce ta samari, ta yi shekara goma. Tamu ta yi shekara talatin tana ɗauke da gwamnati da kasuwa da biki da makoki na ƙasashe biyu. Amma motar da kowa ya san an adana a Najeriya ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, tana gidan tarihi na Onikan a Legas, kuma ramukan harsashi ake zuwa gani.

Alhazan Maraɗi da na Kano da Katsina, waɗanda da yawansu a kan wannan mota iyayensu suka tara abin da suka gada, ba zai gagare su ba su sayi salun ɗaya, wagon ɗaya, a-kori-kura ɗaya, a gyara su tsaf, a miƙa wa Gidan Makama na Kano, ko gidan tarihi na Kaduna, ko na Boubou Hama a Yamai. Kuɗin duka ukun ba zai kai na Highlander guda ba. Ɗaliban jami'o'in Maraɗi da Katsina masu neman abin bincike kuma su ɗauki waya su shiga tasha, su zauna da tsofaffin direbobi da makanikai, su naɗi hanyoyin da suka bi, da farashin da suka ɗauka, da dabarun da suka ƙirƙira. Kai ma mai karatu, in akwai irinta a kwance a bayan gidanku kaji na ƙwai a ciki, ka ɗauki hotonta, ka rubuta lambarta da shekararta da sunan wanda ya ja ta, kafin mai sikeli ya zo. Ta ƙarshe ta fito daga Kakuri a 2006, kuma waɗanda suka fara jan ta sabuwa a 1975 yau kusan duk sun haura saba'in.